Baba Yusufu da Iƙama Mai Ruwan Ƙasa

Talata: Riyad zuwa Ƙuwai'iyya

Ƙarfe huɗu da kwata na asubahin Talata na tayar da mota daga Unguwar Ofisoshin Jakadanci, inda nake tuƙa wani jami'in ƙasarmu da iyalinsa. Watan Rajab ne, sanyin Riyad yana cizo, sai da na bar injin ya yi minti biyar yana ɗumama. Motar ba ta ofis ba ce, tsohuwar motar cefanen uwargida ce da maigida ya ara mini na kwana huɗu. A kujerar gaba Baba Yusufu ne zaune, ya rungume 'yar jakarsa a cinya. Maigadi ya ce tun uku da rabi yake tsaye a bakin ƙofa.

Baba Yusufu mutumin Kambodiya ne. Na san da yawanku a gida ba ku taɓa jin akwai Musulmi a can ba, ni ma sai da na zo Riyad na sani. Ƙabilarsu Cam ake ce mata, yawancinsu masunta ne a bakin babban kogin ƙasar, kuma Musulmi ne tun kaka da kakanni. Shi ma'aikaci ne a wani kamfani mai kula da furanni da itatuwan unguwarmu. Shekara huɗu muna sahu ɗaya a masallaci, in ladan ya makara ma shi yake kiran salla. Sauran kwana goma sha biyu kwantiraginsa ya ƙare a sa shi a jirgi, kuma duk zaman nan bai taɓa ganin Ka'aba ba.

Iƙamarsa ce ta hana shi, wato takardar izinin zama. A wancan lokaci ɗan littafi ce, ta Musulmi koriya, ta wanda ba Musulmi ba mai ruwan ƙasa. Tasa mai ruwan ƙasa ce, sunan da ke ciki kuma Sok, ba Yusufu ba. Mai cika wa kamfaninsu takardu ya dubi sunan, ya dubi ƙasar, bai tambayi kowa ba ya rubuta masa addinin Buda. Shekara huɗu kamfani yana ce masa gobe za a gyara. Kowa ya nuna masa hanya mai sauƙi: ya je ofishin wa'azi ya yi kalmar shahada a gaban shehi, a ba shi takardar sabon shiga Musulunci, shi ke nan. Ya ce a kai kasuwa. In aka matsa masa sai ya ce, "Wanda ya fita shi yake shiga. Ni yaushe na fita?"

Ni ne na bugi ƙirji na ce ya shirya kawai. Na kai maigidana Makka ya fi sau goma, ban taɓa ganin sojan shinge ya ce mu sauke gilashi ba.

Biyar saura kwata muka tsaya unguwar Batha muka ɗauki Ila Tela, mai shagon ɗinki a bayan tashar bas. Bazazzagi ne, ni kuwa Bakano, kun san sauran. Ya fito da buhu a kafaɗa yana nishi.

"Bawana, ka makara," in ji shi.

"Shigo ka rufe ƙofa, sanyi na shiga. Wannan buhun fa, hijira za ka yi?"

"Guzuri ne. Wa zai bi Bakano tafiyar kilomita ɗari takwas da saba'in ba da abincinsa ba?"

A shingen fita gari soja ya karɓi takardun izinin tafiya da iyayen gidanmu suka sa wa hannu, ya haska fitila, ya ce yalla, mu wuce. Muka gangara dutsen Ɗuwaiƙ, muka yi sallar asuba a wani gidan mai a Muzahimiyya. Bakwai da 'yan mintoci muka isa Ƙuwai'iyya, kilomita ɗari da saba'in daga Riyad, muka zauna karin kumallo: gurasar tamis mai zafi, wake da man zaitun, shayi riyal ɗaya kofi. Da Larabcin kasuwa muke hira da Baba, kodayake nasa ya fi namu tsabta, domin mahaifinsa limamin ƙauyensu ne kuma a gabansa ya yi karatu.

A nan Ila, da bakinsa ba ya hutawa, ya yi tambayar da ni shekara huɗu ina jin nauyin yi.

"Wai Baba, wa ya laƙa maka wannan Sok ɗin?"

Baba ya hura shayinsa ya ce, "Malamina."

"Na allo?"

"Na boko. Ba da bakinsa ya sa mini ba, da dokarsa. Na yi rantsuwa sunansa ba zai ƙara fita daga bakina ba, amma in kuna son labarinsa, hanya tana da tsawo."

Ƙuwai'iyya zuwa Muwaih

Takwas saura kwata muka ɗauki hanya. Daga nan titi ne miƙaƙƙe, babu komai sai duwatsu baƙaƙe da raƙuma jefi-jefi a bayan waya. Irin hanyar da ke sa direba gyangyaɗi ce, amma ranar ko hamma ban yi ba.

Na zaci zai ce mutumin ɗan matalauta ne da wahala ta ƙeƙasar wa zuciya. Ina! Baba ya ce uban malamin manomi ne mai hali a wani ƙauye na bakin kogi, arewa da babban birnin ƙasar, da gonakin shinkafa da dabbobin noma da gida mai rufin kirki. 'Yar'uwarsu tana cikin matan fadar sarki, yayansa kuma akawu ne a fadar. Yana ƙarami aka tura shi birni wurinsu. Ya ɗan zauna a gidan ibadar 'yan Buda da askakken kai, daga nan aka sa shi makarantar mishan ta Faransawa, daga bisani aka kai shi makarantar kwana a wani gari na bakin babban kogi, yankin su Baba.

"To, ai gata ne wannan," in ji Ila. "Halan shi ne na ɗaya a aji?"

"Ko kusa. Duk wanda ya zauna aji da shi cewa yake yaro ne mai ladabi, mai fara'a, yana buga ƙwallo, yana goge irin na Turawa, karatu kuwa sama-sama. Ya faɗi jarrabawa, aka mayar da shi makarantar koyon sana'a, sashen kafinta."

Daga sashen kafintan ne, in ji Baba, ya samu gurbin karatu zuwa Faransa, wai ya koyo aikin rediyo. A can ya faɗa cikin wasu ɗaliban ƙasarsu masu taruwa a ɗaki suna karanta littattafan kwaminisanci. Taro ya yi yawa, aji ya yi ƙaranci, jarrabawa ta sake kayar da shi, aka yanke masa tallafi. Ya hau jirgin ruwa ya koma gida babu takardar shaida ko ta gyaran fitila.

Ila ya kwashe da dariya har yana dukan bayan kujerata. "Ka ji! An aika shi ya koyo gyaran rediyo, ya dawo ya kwance ƙasa gaba ɗaya."

Baba bai yi dariya ba, amma bai yi fushi ba. Ya ce da mutumin ya dawo ya ɗan shiga daji wurin masu yaƙar Faransawa, inda aka bar shi da ƙananan ayyuka, daga baya ya komo birni ya zama malami a wata makaranta mai zaman kanta. A nan suka haɗu. Mahaifin Baba ya ga ɗansa ya sauke Alƙur'ani, sai ya tura shi birni ya haɗa da boko, abin da ba kasafai mutanensu suke yi ba a lokacin.

"Hamisu," ya ce da ni, "wallahi ban taɓa samun malami mai daɗin zama kamarsa ba. Farar riga mai gajeren hannu, wando shuɗi, murya ƙasa-ƙasa. Tarihi yake koya mana da labarin ƙasa, ba ya duba littafi, ba ya duka, ba ya tsawa. In yana magana a kan masu cin hanci sai ka ji kamar ka tashi ka gyara duniya. Ranar Juma'a in na nemi izinin zuwa masallaci, murmushi yake yi ya ce in tafi."

Na fi son mugu ya zo da fuskar mugu, in san inda zan sa shi.

Sha ɗaya da rabi muka shiga Muwaih, kusan kilomita ɗari shida daga Riyad. Muka sha mai, muka haɗa azahar da la'asar, muka zauna kan darduma a wani gidan abinci na 'yan Yaman. Shinkafar kabsa da rabin kaza riyal goma sha biyu. Ila ya manta da buhunsa, ya fi kowa zura hannu.

Muwaih zuwa miƙati

Sauran labarin a wannan zangon muka ji shi, kuma Ila bai ƙara tsoma baki ba. Ashe duk lokacin da malamin yake koyarwa da rana, da dare shi jigo ne a wata jam'iyyar ɓoye. Shugaban jam'iyyar ya ɓace, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, malamin ya hau kujerarsa. Da hukuma ta fara sa masa ido sai aka wayi gari babu shi a birni. Ya yi shekaru a daji da kan duwatsu, yana sauya suna kamar riga, har danginsa suka ɗauka ya mutu. Sai aka yi wa sarki juyin mulki, yaƙin maƙwabta ya malalo, jirage suka yi ta ruwan bama-bamai a ƙauyuka. Samarin da suka rasa gida da iyaye suka yi ta kwarara daji wurin mutanensa, ana ba su baƙaƙen kaya da bindiga. Shekara biyar ana gwabzawa, sannan suka ci babban birni, suka kore kowa da kowa zuwa gona, har marasa lafiya da ke kan gadon asibiti.

"Mu Cam," in ji Baba, "aka ce babu mu. Babu salla, babu harshenmu, babu Alƙur'ani. Mahaifina aka kira shi taro tare da sauran malamai, ya ɗaura rawaninsa ya tafi, ba mu ƙara ganinsa ba. Aka warwatsa ƙauyenmu. Inda aka kai ni, wani mai baƙar riga da littafi a hannu ya tambayi sunana, na ce Yusufu. Ya ce babu wannan sunan a ƙasar nan yanzu. Ya rubuta Sok."

Ya ce a kwance yake salla, da ido da ɗan yatsa, fuskarsa rufe da mayafi. Matarsa ta rasu a wurin, 'yarsu guda ta rayu. Duk shekarun nan bai san wane ne shugaban ba, domin ba a faɗin suna, sai dai a ce ƙungiya ta ce. Sai can wajen ƙarshe aka kafa hoto a rumfar da suke cin abinci. Ya ɗaga kai, sai ga malaminsa na tarihi, da murmushin nan nasa. Da mulkin ya faɗi Baba ya gudu sansanin 'yan gudun hijira a bakin iyaka. Katin da ke hannunsa Sok ne, daga kati sunan ya hau fasfo, daga fasfo ya hau iƙama.

Uku saura kwata muka isa Sailul Kabir, miƙatin mutanen Najadu. Muka yi wanka da ruwa mai sanyin ƙanƙara, muka ɗaura harami. Na Baba sabo ne fil, ya ce tun albashinsa na farko ya saye shi a Batha. Da ya fara Labbaika muryarsa ta yi rawa, Ila ya kama masa, ni ma na bi, muka gangara ta tsakanin duwatsu muna yi da ƙarfi.

Shingen Makka

Huɗu da minti goma muka iso shinge. Na rage gudu kamar yadda na saba, ina jiran a ɗaga mini hannu in wuce. Soja ya nuna mini gefe. A nan ne hankalina ya dawo jikina: duk wucewar da nake taƙama da ita, lambar jakadanci ake ɗaga wa hannu, ba Hamisu ba. Yau kuwa motar cefane na tuƙo, lambarta irin ta kowa. Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse cikin kujera.

"Iƙama," in ji sojan. Saurayi ne siriri. Ya duba tawa, ya duba ta Ila, ya karɓi ta Baba ya tsaya. Ya dubi littafin, ya dubi dattijo cikin harami.

"Ya hajji, wannan mamnu'u ne. An hana."

Na fito na shiga zuba. Na ce Musulmi ne, ladan ne, ɗan liman ne, a tambaye shi kowace sura. Aka kira babbansu, mai tauraro biyu a kafaɗa. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce cikin ladabi, "Ya akhi, ban ce ƙarya kake yi ba. Amma ni takarda aka sa ni in duba, ba zuciya ba. Ku je kotu a Ɗa'if, in alƙali ya rubuta, ni da kaina zan buɗe muku. Gobe Laraba, in kuka bari aka tashi, sai Asabar." Ku biyun, in ji shi, kuna iya wucewa. Ila ya riga ni amsawa, ya ce tare muka zo.

Muka juya. Ba wanda ya ƙara yin Labbaika. Na so Baba ya zage ni in ji sanyi, amma sai ya dafa hannuna ya ce in kula da hanya.

Ɗa'if

Bayan magariba muka shiga Ɗa'if. Garin a kan dutse yake, sanyinsa ya ninka na Riyad, ga mu da ƙyalle biyu-biyu, kai a buɗe, ba damar sa riga tunda muna cikin harami. Muka kama ɗaki mai gado uku kusa da kasuwa, riyal tamanin. Mai masauki, wani Bahadrame ɗan Yaman mai kirki, ya ƙaro mana barguna ya aiko da shayi mai na'ana'a. Buhun Ila ya yi rana a nan: ƙuli-ƙuli, dabino da garin kwaki.

Ila ya ce ya san masu motocin da suke bi da mutane ta bayan duwatsu. Baba ya ce bai zo ɗakin Allah don ya shiga ta katanga ba. Ni kuwa raina ya riga ya ɓaci, da kaina nake fushi amma a kansa na sauke.

"Baba, don girman Allah, gobe in suka ba ka takardar nan ta musulunta, ka sa hannu. Takarda ce kawai! Allah ya san zuciyarka. Za ka koma gida ba ka ga Ka'aba ba saboda taurin kai?"

Ya ja bargo ya rufe kafaɗarsa.

"Haka aka ce mini a can, ɗana. Suna ne kawai, karɓi, Allah ya san zuciyarka. Na karɓa don in rayu in ga 'yata ta girma, ga shi shekara ashirin ina ɗauke da shi. Wancan da bindiga a kaina aka yi. Wannan wa ya ɗora mini bindiga? In na sa hannu cewa yau na musulunta, na shaida ke nan cewa malamin nan ya ci nasara, ya fitar da ni. Kuma me zan ce wa mahaifina?"

Na tashi na zuba masa shayi.

Laraba: kotu

Bakwai da rabi muna ƙofar kotu, mu uku cikin harami, mutane suna kallonmu. Akawu ya ji bayaninmu rabi da rabi, ya jawo aljihun tebur ya miƙo takarda bugaggiya, ta masu shiga Musulunci. Ya ce minti biyar ne aikin. Baba ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya tura masa abarsa da yatsa biyu.

"Ba tawa ba ce."

Akawu ya ɗaga kafaɗa ya ce to sai mu jira shehi, wato alƙali. Muka zauna a benci daga takwas har goma da rabi, ana shiga da masu rigimar gado da masu rigimar gona. Daga nan aka kira mu.

Alƙalin tsoho ne mai jan gemu da tabarau mai kauri. Ya ce, "Ya shaikh, an ce an ba ka hanya mai sauƙi ka ƙi. Me ya sa?"

Baba ya miƙe tsaye ya yi bayani da Larabcin da ban taɓa jin ya yi ba, na littafi, ba na kasuwa ba. Bai yi kuka ba, bai roƙa ba. Ya faɗi sunansa da na ubansa da na kakansa, ya faɗi littattafan da ya karanta a gaban mahaifinsa, ya faɗi yadda aka karɓe sunan. Alƙali ya cire tabarau ya ajiye. Ya tambaye shi yadda ya yi da salla a waɗancan shekaru, Baba ya gaya masa. Har akawun ya daina rubutu.

"Kana da shaidu?"

Muka miƙe, ni da Ila, muka ajiye korayen iƙamominmu a tebur. Aka fara da ni.

"Ka shaida ubansa Musulmi ne?"

Na san amsar da za ta taimaka, na kuma san ba ita ce gaskiya ba. Na ce, "Allah ya gafarta malam, ban ga ubansa ba. Abin da na gani shi zan faɗa. Shekara huɗu da suka wuce na zo na same shi a sahun gaba. Na yi salla da kiran sallarsa ban san iyaka ba. Sau biyu yana gyara mini karatu a Tabaraka, kuma shi ne da gaskiya."

Alƙali ya yi ɗan murmushi ya juya ga Ila. Na yi ta addu'a kada Bazazzagin nan ya kawo wasa. Ila ya gyara haraminsa ya ce bara wani ɗan ƙasarmu lebura ya rasu, muka taru mu takwas a ɗakin wankan gawa muna kallon juna, ba wanda ya iya. Dattijon nan ne ya naɗe hannun riga ya yi wankan, ya nuna masa yadda zai yanka likkafani, shi da yake tela. Ya ce, "Wanda ya shigo jiya bai san wannan ba, ya shehi. A gida ake koyonsa."

Alƙali ya ɗauki bugaggiyar takardar ya mayar wa akawu, ya ce ya kawo farar takarda. Ya yi masa shifta: cewa mai ɗauke da iƙama lamba kaza, wanda aka rubuta Sok, sunansa Yusufu ɗan Isma'ila, Musulmi ne tun asali ba sabon shiga ba, bisa bayaninsa da shaidar mutum biyu. Muka sa hannu, aka buga hatimi. Sha ɗaya da minti ashirin muka fito. Ban san lokacin da na rungume Ila a tsakiyar titi ba, har yana cewa in sake shi kada haraminsa ya kwance.

Makka

Ɗaya da rabi muka sake isa shinge, muka tarar da sojan jiya. Ya karɓi takardar ya karanta a tsanake, ya kai wa babbansu, suka dawo tare. Babban ya sunkuyo ta taga ya miƙa wa Baba takardar da hannu biyu.

"Tafaddal, wuce, ya ammi Yusuf. Ka sa mu a addu'a."

Muka yi tafiyar kusan kilomita biyu. Sannan Baba ya ce, a hankali, rabon da wani mai kaki ya kira shi da wannan suna tun yana saurayi. Ya ɗaga murya ya kama Labbaika, wannan karon babu rawa a cikinta.

Muka ajiye mota a tashar Kudai muka shiga bas. Ta ƙofar da muka shiga, sai da muka wuce ginshiƙai da yawa kafin Ka'aba ta bayyana. Baba ya tsaya cak, mutane suna ture shi bai sani ba. Ni da Ila muka sa shi a tsakiya muka tare masa. Ya ɗaga hannu ya yi ta magana da harshen Cam, harshen da aka ce babu shi, ina jin yana jero sunaye ɗaya bayan ɗaya. Na yi alfahari da dattijon nan kamar ni na haife shi, ko in ce kamar shi ya haife ni. Muka yi ɗawafi, muka yi Safa da Marwa, wani wanzami ɗan Pakistan ya yi mana aski ƙwal.

Ranar Alhamis da hantsi na kai shi Tan'im, can bakin gari, ya sake ɗaura harami, ya yi wata umrar a madadin mahaifinsa. Ƙafafunsa sun kumbura, na ce a ɗauko masa keke, ya harare ni.

Juma'a: komawa

Shida da rabi na safe muka bar Makka. Muka yi Juma'a a wani masallacin gefen hanya bayan Muwaih, muka ci shinkafa da rago a Ƙuwai'iyya, Ila ya yi barci tun daga nan har Batha, bakinsa a buɗe. Biyar da 'yan mintoci, rana tana shirin faɗuwa, na tsaya a ƙofar gidan ma'aikatan kamfanin su Baba.

Bai fita nan da nan ba. Ya ciro takardar kotu daga cikin leda ya shimfiɗa a cinyarsa. Na ce gobe in yana so mu kai wa kamfani su gyara iƙamar. Ya girgiza kai ya ce kwana nawa ya rage, su riƙe abarsu. Ya ɗora yatsa a kan layi na uku.

"Ka ga nan? Isma'ila. Ina da jikoki uku, Hamisu. Suna tambayata ina kabarin mahaifina, babu. Ina hotonsa, babu. Littattafansa an ƙone. Duk duniya babu inda aka rubuta cewa mutumin nan ya taɓa rayuwa, sai a nan. Wannan zan kai musu."

Ya naɗe ta ya sa a ƙirjinsa, ya yi mini addu'a mai tsawo, ya shiga ciki yana ɗingishi.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ya kuma rufa mini asiri a kan cika bakin da na yi. Na gode wa maigidana da uwargida da suka ba da mota, da mai masaukin Ɗa'if da bargunansa, da alƙalin da ya yi haƙuri ya saurara. Ila ma na gode masa, ko da yake Bazazzagi ne. Baba Yusufu ya tashi ranar da aka sa masa, ni na kai shi filin jirgi. Na tuƙa manyan mutane a garin nan, na shiga gidajen da ban taɓa mafarki ba, amma in kuka tambaye ni aikin da na fi alfahari da shi a Saudiyya, shi ne wannan: a wani ƙauye a bakin kogi a Kambodiya akwai takarda mai ɗauke da sunan Liman Isma'ila, kuma a ƙasanta akwai sa hannun Hamisu direba.